Ta yaya zaman ba da labari zai haɗa kan mutanen da ba su saba da juna ba?

Mai Neman Shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu kusan gida ashirin ne muke maƙwabtaka, kuma yawancinmu aiki ne ko aure ko karatu ya kawo mu wurin, shi ya sa gaisuwarmu ba ta wuce ta kan hanya. Kwanakin baya wani dattijo a cikinmu ya kwanta rashin lafiya har mako biyu ba tare da ko ɗayanmu ya sani ba, sai da ya samu sauƙi ya fito muka ga yadda ya rame. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin tsakanin ƙofata da tasa bai kai taku hamsin ba.

Na ba da shawarar mu riƙa zama sau ɗaya a mako, kowa ya faɗi wani abu daga tarihin rayuwarsa, da fatan idan muka san juna za mu fara lura da lafiyar juna. Mun yi zama biyu. A na farko kowa ya yi shiru yana kallon ƙasa, a na biyu kuma mutum ɗaya ya cinye lokacin duka. Shin irin wannan zama yana da wani amfani na gaske ga lafiya, ko kuwa zatona ne kawai? Idan yana da shi, ta yaya ake tsara shi har ya ɗore?

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka hango yana da tushe. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2025, ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici. Tun kafin nan, a 2010, masaniya Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara bincike 148 da suka shafi mutane sama da 300,000, suka gano cewa masu kyakkyawar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda ba su da ita damar ci gaba da rayuwa da kimanin kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bibiye su. Dalilin ba boyayye ba ne ga wanda ya yi aiki a asibiti: mai jama'a yana da wanda zai lura ya daina cin abinci, wanda zai tuna masa shan magani, da wanda zai matsa masa ya ga likita tun ciwo bai yi nisa ba.

Game da ba da labari kuwa, misalin da ya fi burge ni shi ne na Zimbabuwe, inda likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Ka lura da cewa sauraro aka koya wa matan nan, kuma ina ganin a nan zamanku na biyu ya samu matsala, domin an samu mai magana amma ba a tanadi masu saurare ba.

Tsohon Malamin Makaranta:

Na yarda da 'yar'uwa, amma ina da gargaɗi, kuma ina roƙon a ɗauke shi da muhimmanci. Mutum ba ya buɗe cikinsa ga wanda bai amince da shi ba, kuma daidai ya yi, tun da baki shi ke yanka wuya. Ka ce wa maƙwabtan da ba su taɓa hira ta minti biyar ba su faɗi tarihin rayuwarsu, ai ka ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Shirun da suka yi a zaman farko hankali ne.

Akwai kuma haɗari idan aka matsa wa mutum ya ba da labarin masifar da ta same shi. An daɗe ana zaunar da waɗanda suka tsira daga hatsari ko wani bala'i a sa su zayyana abin da ya faru nan take a zama guda, amma da aka bincika sai aka ga hakan ba ya hana ciwon firgici da ke biyo baya, wasu ma ya ƙara musu. Saboda haka kowa ya kasance yana da 'yancin cewa yau ba zai yi magana ba, kuma kada a tambaye shi dalili.

Ku fara da abu mai sauƙi wanda kowa yake da shi kuma ba ya jin kunyarsa, kamar labarin yadda aka raɗa masa suna, ko aikin farko da ya yi a rayuwa, ko mutumin da ya taɓa yi masa alheri alhali bai san shi ba. Ku ba kowa minti biyar, a samu mai duba agogo, kuma kada a katse mai magana ko a bi labarinsa da nasiha. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, domin mu manya da zarar yaro ya faɗi damuwarsa sai mu fara wa'azi, shi kuwa daga ranar ya rufe bakinsa. Ƙungiyar nan ta masu neman barin shan giya da aka kafa a Amurka a 1935 ta yaɗu a duniya a kan irin wannan tsari: kowa ya faɗi nasa labarin, sauran su saurara, abin da aka ji a wurin kuma a bar shi a wurin. Duk ranar da labarin wani ya fita ya zama abin gulma, to ba za ka ƙara ganin mai shi a zaman ba, sauran ma za su janye.

Mai Son Tattaki:

Malam ya yi gaskiya, sai dai ni ina ganin zaman kansa ne bai kamata a fara da shi ba. Idan aka jera kujeru ana kallon fuskar juna, mai kunya ji yake kamar an kai shi gaban alƙali. Amma idan mutum biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, idonsu yana kan hanya, magana takan fito da kanta, kuma ko an yi shiru ba wanda zai ji nauyi. An ce zumunci a ƙafa yake, kuma a wannan batu ina ɗaukar maganar a zahirinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, don haka tattakin rabin sa'a tare zai rage muku wani abu daga ciki. Gudun safiyar Asabar na kilomita 5 da ake kira Parkrun ya fara ne da mutum 13 a wani lambu a Landan a 2004, yanzu ana yin sa a ƙasashe sama da 20, kuma mai tafiya a hankali ma ana jiransa. Amfanin da ya fi dacewa da matsalarka shi ne, idan aka saba fita tare, ranar da wani bai fito ba za a gani a take a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Mai Neman Shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gane cewa na yi gaggawa. Zan je wurin dattijon nan tukuna in ji ko zai iya tattaki kaɗan, domin ba na son mu tsara abin da zai sake barin sa a baya. Idan ya amince, za mu yi wata guda muna fita da yamma, sannan mu gwada zaman minti biyar-biyar a kan labarin sunaye. Akwai mata biyu da kula da yara ba zai bar su su fito a wannan lokacin ba, don haka Malama mai jinya, idan kina da dabarar da za a sa su ciki, ina sauraro.