An kawo mini takardar kwamitin kogi, in sa hannu ko in bari?

Manomin Gaɓa: Assalamu alaikum. Ƙauyukan da ke bakin koginmu, na sama da na ƙasa, sun kafa kwamiti ɗaya, da manoma da makiyaya da masunta a ciki. Takardar da aka kawo mini ta ce in bar taku 15 daga bakin ruwa ba noma, a dasa ciyawa da itatuwa. In rani ya yi nisa, injin ban ruwa kwana uku kawai a mako. Sai gudummawar yashe magudana. To wannan taku 15 ɗin nan ne albarkar gonata take. Alhamis ake karɓar takardu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ana iya sasanta faɗin gaɓar daga baya, ko in ka sa hannu shi ke nan?

Mai Inji: Wa alaikumus salam. Ka haƙa rijiya a gonarka ka huta da taro.

Ɗan Haidiro: Rijiyar da ke dab da kogi ai ruwan kogin take sha ta ƙarƙashin ƙasa. Ba wannan ya tambaya ba kuma.

Baban Ƙasan Rafi: Yaro, ni na sa hannu shekara huɗu da suka wuce, da babban yatsana. Mu ne ƙarshen layi. Ranakun da aka hana, injina a ɗaki yake kwana, har buhu nake rufa masa. Da shuka ta fara fure sai ruwa ya ɗauke. Muka bi kogin da ƙafa ni da ɗana bayan isha'i, tafiyar awa biyu. Muka tarar da injuna huɗu suna ruri a wata babbar gona, an jera buhunan yashi an karkatar da rabin kogin. Na kai ƙara, aka ce a jira zaman wata mai zuwa. Da aka zauna, mai gonar na kujerar gaba, shi ya ba da aron rumfar taron. Kafin a gama karanta bayanin zaman baya, gonata ta zama kara. Tarar da aka yanke masa har yau ban ga wanda ya karɓa ba.

Uwar Garke: Allah ya mayar da alheri, Baba. Mu ma an yi mana alkawarin mashaya biyu, da aka dasa itatuwan gaɓa sai aka toshe hanyar shanu gaba ɗaya.

Mai Koma: Gudummawar fa? Mu kwana biyu ne na aiki a wata, ba a karɓar kuɗi.

Mai Inji: Wa ya ce? Mu da yawan injinka ake yanka maka.

Uwar Garke: A wajenmu manoma da faɗin gona ne, mu makiyaya kuma da kan shanu, kuma an ninka bana.

Ɗan Haidiro: Baba, abin da ya same ka rashin awo ne. Faransa tun dokar 1964 ta raba ƙasarta gida shida bisa koguna, mai jan ruwa yana biya gwargwadon abin da ya ja, yana kuma da wakilci a kwamiti. A Ostiraliya tsarin kogin Murray-Darling na 2012 ya sa iyaka ga jimillar ruwan da za a ɗiba. Ku dubi kuma dausayin Haɗeja da Nguru: bayan dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Abin da aka yi a sama, na ƙasa ke gani a gonarsa. Malam Manomi, barin gaɓa gaskiya ne, saiwoyi ke riƙe ƙasa, in babu su kogin zai ci gonarka da kansa. Amma kafin ka sa hannu ka tambaya: wa ke duba injuna da dare, kuma ina sandar awon ruwa take?

Baban Ƙasan Rafi: Kai ka taɓa kwana a bakin kogi kana jiran ruwa? Faransa ce za ta biya ni?

Ɗan Haidiro: Ban taɓa ba, Baba, ina dai auna shi shekara tara.

Mai Koma: Kowa ya kwana lafiya shi ya so. A bar dattijo ya faɗi nasa.

Sarkin Raha: Ni abin da ya fitar da ni, kwamitin ruwa guda, taron awa huɗu, ko ruwan sha ba a ba mu ba.

Manomin Gaɓa: Na gode duka. Amma maganar taku 15 ɗin fa, ana ragewa?

Mai Koma: Wane taku kuma, bayan masu tifa suna kwashe yashin kogi dare da rana? Gaɓar da na ɗaure kwalekwalena bara ta rufta, har da bishiyar. Su suna cikin takardar?

Uwar Garke: Ramin da suka bari ya ci mini maraƙi wancan watan.

Mai Inji: Ku tambayi wanda ke ba su izini tukuna.