Aiki ya samu a Ingila: in kwashe iyali mu tafi tare, ko in fara yin gaba?

Mai tambaya, Gombe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nas ne, ina aikin gwamnati. Na ci jarrabawar OET ta Turanci da CBT ta sanin aikin nas da ake yi a kwamfuta, kuma wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila ya ba ni aiki, saura takardar ɗaukar nauyi. Mata ɗaya gare ni da 'ya'ya uku: namiji mai shekara 15, mace mai 9, da auta mai 3. Akwai kuma 'yar marigayi yayana, shekararta 12, tana hannuna. Mahaifiyata tana raye, ta manyanta. Wasu na cewa in sayar da gida mu tafi gaba ɗaya, wasu na cewa Saudiyya ta fi wa yara. Don Allah masu sani ku faɗa mini gaskiyar lissafin.

Wata nas, Tumfure:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya sanya alheri. Kafin komai ka duba sunan aikin da za a rubuta a takardar ɗaukar nauyin, wadda suke kira CoS. In an rubuta nas, kana da damar tafiya da iyali. In kuwa aikin kula da tsofaffi aka rubuta, tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan aiki kai mata da 'ya'ya, kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗaukarsu daga waje baki ɗaya. Takardar nan ba ta sayarwa ba ce, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta. Duk ejan da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka ita, ka rabu da shi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu, don haka hanyar da ta halatta ita ce mutum ya nemi aikin da kansa kai tsaye. Sunan asibitin kuma ka neme shi a jerin masu lasisin ɗaukar nauyi da gwamnatin Birtaniya ke wallafawa a intanet.

Abin da ya sa nake ganin kada ku tafi rana ɗaya shi ne OSCE, jarrabawar gwada aikin nas a aikace. A can ake yin ta, kuma kafin ka ci ta, a wajensu ba ka zama nas ba tukuna, albashin mataimaki za a riƙa biyanka. Sau uku ake ba mutum dama. In duk ta faskara, ɗaukar nauyin na iya tsayawa, a ba ka kimanin kwana 60 ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar, kuma bizar iyalinka a jikin taka take rataye. Mutum ɗaya yana iya jure wannan a ɗaki guda. Mutum biyar da suka riga suka sayar da gida fa?

Ka kuma karanta kwantiragin da kyau. Asibitoci da yawa na biyan kuɗin jirgi da biza da OSCE, wadda ita kaɗai fam 794 ce, amma da sharaɗin za ka mayar da wani kaso in ka bar su kafin shekara biyu ko uku. Masaukin da suke bayarwa da farko ma galibi na mutum ɗaya ne, na wata ɗaya zuwa uku.

Wani akanta, Jekadafari:
Malam, kuskuren da ke jefa mutane cikin wahala shi ne su ji albashi su buga shi da canjin naira. A fam za ka karɓa, a fam za ka kashe, to a fam za a yi lissafi.

Sabon nas a mataki na 5 na albashin asibitocin gwamnati yana farawa da ɗan sama da fam 31,000 a shekara, a tsarin albashin 2025. Fam 12,570 na farko ba haraji, abin da ya haura a cire kashi 20. Akwai kashi 8 na inshorar ƙasa, akwai fansho da ya ɗan haura kashi 8. Abin da zai shigo asusunka bai wuce fam 2,000 a wata ba, sai in ka ƙara da aikin dare da na ƙarshen mako. Daga nan za a fitar da haya. Ku biyar, da saurayi ɗan 15 da 'yar 9 da ke dab da cika 10, ɗaki uku kuke buƙata, domin ƙa'idar cunkoso ta can ba ta lissafa namiji da mace da suka kai shekara 10 a ɗaki ɗaya. Ko a garuruwan arewa masu sauƙi, irin wannan gida zai cinye kusan rabin abin da ka karɓa. Sai harajin ƙaramar hukuma da ya haura fam 100 a wata, sai wuta da gas, waɗanda ke tashi sosai lokacin hunturu saboda ɗumama gida, sai ruwa, abinci da motar zuwa aiki. Albashi ɗaya zai riƙe ku da ƙyar, amma batun aika wa Hajiya kuɗi duk wata da tara na gini, sai in uwargida ma tana aiki. Doka ta ba ta damar yin aiki. Matsalar ita ce autan.

Kuɗin tashi kuma: fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun Satumban 2025, ku biyar rabin miliyan ke nan. Biza ta shekara uku, a farashin 2025, kusan fam 300 kowane kai. Dole a ga kuɗi sun kwana 28 a jere a asusu: fam 1,270 naka, 285 na matarka, 315 na ɗa na farko, 200 na kowane ɗa bayansa, jimla 2,270, sai dai in asibitin ya rubuta a takardar cewa ya ɗauki nauyin wannan. Ko rana ɗaya kuɗin suka yi ƙasa da adadin, an koma farkon ƙirga, kuma wannan kaɗai na sa a ƙi biza. Gwajin tarin fuka a cibiyar da suka amince da ita ake yi, kamar a Abuja ko Legas, takardarsa wata shida take yi, saboda haka kada a yi wa iyali gwajin tun ba a shirya neman bizarsu ba. Mai gida zai karɓi hayar wata ɗaya da kuɗin ajiya da ya kai na mako biyar, kuma da yake ba ka da tarihin biyan bashi a ƙasar, yana iya neman wanda zai tsaya maka.

Abu ɗaya mai sauƙi da ka samu: bizar ma'aikatan lafiya ba ta biyan kuɗin kiwon lafiya na baƙi, wanda sauran ke biyan fam 1,035 a shekara kan babba, 776 kan yaro. Ba ƙaramin rangwame ba ne ga mutum biyar.

Wani lauya, Bauchi:
Ɗan'uwa, akwai maganar da ba a taɓa ba, kuma ita ta fi damuna: marainiyar da ke hannunka. A wajenmu 'yarka ce, ba wanda zai ce a'a. A dokar shige da ficen Birtaniya riƙo ba haihuwa ba ne, ba za ta shiga cikin waɗanda ke ƙarƙashin bizarka ba. Za a samu masu ba ka shawarar a yi mata takardar haihuwa da sunanka. Kada ka yarda. In aka gano yaudara a takarda, ana iya hana mutum shiga har shekara 10, kuma aikinka da rajistarka ta nas duk za su shiga haɗari. Ku zauna da mahaifiyarta da dangi tun yanzu a tsayar da wanda zai riƙe ta, da yadda kuɗin makarantarta zai riƙa zuwa. Ta riga ta rasa uba, kada ta wayi gari ta ga an watse an bar ta ba bayani.

Hajiya ma ba hanyar ɗaukarta ta zauna, sai bizar ziyara da ba ta wuce wata shida. Kuma don amfanin masu karatu: mata ɗaya kawai ake yarda a kai, sannan yaro ba ya samun biza sai iyayensa biyu suna can ko suna nema tare, in ba an tabbatar ɗaya ne kaɗai ke da alhakinsa ba. Mai mata biyu ya san 'ya'yan wadda aka bari ba za su bi shi cikin sauƙi ba.

Takardu kuma, a samo shaidar aure a rubuce daga kotu ko ƙaramar hukuma, ɗaurin aure a masallaci ba tare da takarda ba bai isa ba. Takardun haihuwa na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A daidaita sunaye da ranakun haihuwa tsakanin NIN da fasfo da takardun makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana jawo jinkiri na watanni.

Gida kada ka sayar. Ka tabbatar takardarsa ta yi rajista a GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe, ka ba amintacce wakilci a rubuce, wakilcin karɓar haya kawai ban da sayarwa. Wajen aiki ka fara neman hutu ba albashi kafin ka yi tunanin ajiye aiki.

Malamar makaranta, Federal Low Cost:
Yaya, shekarun yaran nan uku kowanne da hukuncinsa. 'Yar shekara 9 ita za ta fi cin moriya: makarantar gwamnati kyauta ce, za ta shiga firamare ta kama harshe da wuri. Autan zai samu awa 15 a mako kyauta a makarantar raino, amma awa 30 da ake ba iyaye ma'aikata ba za ku samu ba, domin bizarku ta hana cin tallafin gwamnati, har da kuɗin tallafin yara. Raino na biya kuwa yana iya cinye albashin uwar gaba ɗaya. Shi ya sa ma'aurata ke raba lokaci, ɗaya dare ɗaya rana, su yi ta saɓani a bakin ƙofa. Babu kaka, babu maƙwabciya, babu 'yar aiki.

Babban shi ne abin dubawa. Karatun GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare ta can, shekara biyu ne, daga 14 zuwa 16, wanda ya faɗo a tsakiya yana shan wahala ƙwarai. Sannan in ya zo shiga jami'a kafin ku samu izinin zama na dindindin, a Ingila kuɗin ɗalibin waje za a caje shi, kuma ba zai samu rancen karatu ba. A 2025 bayan shekara 5 ake neman izinin nan, kuɗinsa kusan fam 3,000 kowane mutum, kuma a Mayun 2025 gwamnatinsu ta sanar da niyyar tsawaita wa'adin zuwa 10 ga baƙi da yawa. Ina ganin ya fi ya ƙarasa sakandare a gida, amma a nema masa biza kafin ya cika 18, don bayan nan ƙofar ta rufe.

Tarbiyya kuma a shirya mata. Duka da ya bar shaida a jiki laifi ne, malamai kuma dole ne su kai rahoto ga hukumar kula da yara. A Sikotilan da Wales ko mari haramun ne a doka. Cire yaro daga makaranta don zuwa gida biki ba izini, tarar fam 80 ce kan kowane uba ko uwa, kan kowane yaro. Islamiyya ta kuɗi ce, ta yamma ko ƙarshen mako. A Bradford ko Manchester masallaci da naman halal ba wahala, amma ƙaramin gari na iya zama ba ko ɗaya kusa, don haka ka bincika unguwar kafin ka sa hannu a haya. Hausa kuwa in ba a yi ta a gida kullum ba, autan zai tashi yana ji ba ya iya mayarwa.

Wani dattijo, Kumo:
Yaro, duk abin da suka faɗa haka ne, amma ban yarda a bar raba iyali ba wa'adi ba. Ci-rani da aka ce na wata shida yakan zama shekara uku, mace na nan da yara ita kaɗai. In za ka yi gaba, ka yanka lokaci a gaban iyayenta: da zarar ka ci jarrabawa ka kama gida, su taso. Kuma ban ji ka faɗi ra'ayin ita uwar 'ya'yan ba. Ita za ta zauna a gida a watan Disamba, rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, ba mai shigowa ya yi sallama. A tambaye ta tsakani da Allah, ba a gaban mutane ba. Mahaifiyarka ma ka nemi yardarta, ka tsayar da wanda zai riƙa kai ta asibiti da sunansa, ba a ce 'yan'uwa za su duba ta ba.

Mai tambaya, Gombe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na ji, zan zauna da ita. Saura batun Saudiyya, ba wanda ya taɓa shi.

Wata nas, Tumfure:
Saudiyya hanyarta daban, Yaya. Takardunka za su bi ta tantancewar DataFlow, ka yi jarrabawar Prometric, ka yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiyarsu. Ba a cire harajin albashi, sau da yawa akwai masauki da tikitin zuwa gida duk shekara, ga Umra kusa, ga yara cikin Musulmi. Amma ma'aikacin asibiti mai zaman kansa yana biyan riyal 400 duk wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, mata da yara uku riyal 1,600 ke nan. Makarantar gwamnati da Larabci take, ta Turanci kuma ta kuɗi ce mai tsada. Matarka ba za ta yi aiki da iƙamar iyali ba sai da izini na daban, kuma kome daɗewarku ba za ku zama 'yan ƙasa ba, ranar da kwantiragi ya ƙare ranar za a fara haɗa kaya. Ba kowane kwantiragin nas ne ma ke ba da damar kawo iyali ba, sai an ga an rubuta shi ƙarara. In burinka ka tara kuɗi na wasu shekaru iyali na Gombe kana zuwa hutu, ta fi Ingila. In zama da yara da karatunsu kake nema, damar Ingila da ke hannunka ta fi, da sharaɗin ka fara tafiya kai kaɗai. Idan CoS ɗin ta iso, ka duba lambar aikin da albashin da aka rubuta, ka kuma duba ko sun cika gurbin ɗaukar nauyin kuɗin zama na iyali, kafin ka biya ko sisi na biza.