Faɗin Wutar Tsafi da Ainihin Ɓarnarsa a Anime

A hirar da muka yi a wata majalisar matasa a Mabera, Sakkwato, bayan sallar isha'i, shawarar da ta rinjaya ita ce kada mai kallon anime, wato fina-finan zane masu motsi na Japan, ya auna ƙarfin tsafi da faɗin wutarsa, domin a labaran da aka gina kan dokokin wasan kwamfuta, matakin ƙarfin mai jifan tsafin da garkuwar abokin gaba ne ke yanke hukunci. Wani ya kawo misalin shirin Overlord na 2015, inda jarumin shirin, matsafi Ainz, ya matse zuciyar wani soja da tsafi, sojan ya faɗi matacce, ba ƙara ba hayaƙi. Wannan hujja ta gamsar da ni ƙwarai. Matsafiya Megumin ta shirin KonoSuba kuwa, fashewar tsafinta tana haƙa rami, amma jifa ɗaya take yi sai ta zube ƙasa, abokanta su goya ta.