Tabo a ganyen auduga ya ƙi jin magani

Assalamu alaikum manoma 'yan uwa. Daga jihar Tawa nake, gonata tana wajen Ƙonni. Tun da ruwa ya zauna a watan Agusta, ganyen audugata na ƙasa ya fara tabo ja-ja mai zobe-zobe, sai ya bushe ya kakkaɓe. Yanzu abin ya hau sama, ga shi ta fara ƙwallo.

Na fesa maganin cutar ganye mai suna mancozeb sau 2, kwana 10 tsakani, amma feshin farko ruwa ya wanke shi da yamma. Wani dattijo ya ce ƙarancin takin potas ne ya raunana ta, gaskiya ban zuba NPK, takin zamani mai potas a ciki, isasshe ba bana.

Don Allah, in sake wani magani ne, ko in fara da taki? Hankalina a tashe yake, bashi na ci na noma ta.