An kawo wa yayana sammaci yana bakin daga: mu sayar da filin ko ya ƙara cin rance?

Abba Muciya
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin soja da waɗanda suka san kotu. Yayana kofur ne, yanzu yana arewa maso gabas tare da rundunar Haɗin Kai. Kafin a tura shi ya karɓi siminti da rodi da kwano bashi wurin wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya, na naira dubu 850, saboda ginin da ya fara a Dakace. Ya biya dubu 300, sai tafiya ta taso. Yanzu mai kayan ya kai ƙara yana neman dubu 700, wai ya ɗora na jinkiri. Matar yayan aka miƙa wa sammacin a gida, zama nan da mako biyu. Yaya ya ce babu maganar fas, wato izinin zuwa gida, a yanzu. Albashinsa kuma dama banki na cire rancen da ya ci bara. Ko dai a sayar da filin da ginin da ke kai, ko ya ƙara cin rance. Takardar filin da sunansa take. Kotu za ta iya yanke hukunci ba ya nan? Ni zan iya tsaya masa?

Nura Samaru
Kwantar da hankalinka. Soja in yana bakin aiki ba a shari'a da shi, dole alƙali ya ɗage aƙalla kwana 90. Kuma ruwan bashin da ya ci kafin ya shiga aiki ba ya wuce kashi 6 cikin ɗari. Ku je ku faɗa wa alƙalin haka kawai.

Barista Hauwa
Malam Nura, abin da ka kawo gaskiya ne, amma dokar Amurka ce ta 2003, wadda ta maye gurbin tasu ta 1940. Can ne ake da kwana 90 da kashi 6, har da ikon soja ya soke yarjejeniyar haya in an yi masa canjin wurin aiki. Dokar sojojin Najeriya ba ta ba da wannan ba. A nan ɗage zama roƙo ne da ake yi wa alƙali, ba haƙƙi ne da ke zuwa da kansa ba. In ranar ta zo babu kowa daga ɓangarenku, kotu kuma ta gamsu an isar da sammaci, za ta iya sauraron mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci. Ana iya neman a janye irin wannan hukunci daga baya, amma ya fi wahala kuma ya fi cin kuɗi.

Abba, duba saman takardar ka gaya mana wace kotu ce, domin amsar tambayarka ta biyu a nan take. In kotun majistare ce, kai ba za ka yi magana a madadinsa ba, lauya ne zai yi. Abu na farko da lauyan zai duba shi ne yadda aka kai sammacin. Ka'ida a miƙa wa wanda ake ƙara hannu da hannu, sai in kotu ta ba da umarnin a bar wa wani babba a gidan ko a manna a ƙofa. In babu wannan umarni a fayil, miƙa wa matarsa bai wadatar ba. Kada dai ku dogara da wannan ku ƙi zuwa.

Baba Samanja
Yaro, kafin lauya akwai takarda ɗaya da ta fi komai. Yayanka ya je wurin samanjan kamfaninsu yau, ya nuna masa hoton sammacin a waya, a kai shi gaban ajitan, hafsan da ke kula da takardun bataliya. Ya nemi wasiƙa daga kwamandan bataliya zuwa ga rijistaran kotun, mai ɗauke da lambar aikinsa da muƙaminsa, tana cewa yana bakin aiki kuma ba a iya sakinsa a ranar. Ba za su rubuta inda yake ba, kuma ba a buƙata. A ɗauki hotonta a turo, ku buga biyu, ku kai wa rijistara kafin ranar zama, ya buga hatimin karɓa a kan taku. Masu kai ta da safiyar zama su ne ake ce musu ba ta shiga fayil ba.

Kuma ku ja kunnensa, kada zafin abin ya sa ya baro wurin ba fas. Bashi na dubu ɗari biyar ba ya kore mutum daga aiki, barin bakin aiki ba izini yana korewa, har da ɗauri.

Ɗan Kwangila
Ni dai a ba ɗan aiken kotun kuɗin mota ya kai sammacin Sambisa da kansa, ya miƙa hannu da hannu kamar yadda Barista ta ce. In ya dawo sai a sa ranar zama. Ko kuma abokan kofur biyu su leƙa shagon da kaki su gaishe da Alhaji, a sha mamakin yadda dubu 700 za ta koma 550.

Baba Samanja
Na farkon dariya ne, na biyun ba na wasa ba ne. Duk sojan da ya sa kaki ya je shagon farar hula kan maganar bashi, sashe na 103 na dokar sojoji na jiransa. Makarantar 'yan sandan soja tana nan Basawa, ba nisa.

Sani na Banki
Kan rance na biyu zan yi magana. Kada ya taɓa na manhajojin waya. Kashi 15 ko 20 da suke rubutawa sau da yawa na wata ne ko na 'yan makonni, ba na shekara ba, in ka lissafa shekara ya ninka uwar kuɗin. In ma rancen ya zama dole, ya tambayi bankin da albashinsa ke shiga ko za su haɗe tsohon da sabon su tsawaita lokaci, ya nemi jadawalin biya a rubuce kafin ya sa hannu: nawa za a cire duk wata, nawa ne jimilla, nawa ne na inshora da na gudanarwa da ake zarewa tun farko. Kuma ku sani tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar ɗibar kuɗi daga kowane asusu da ke kan BVN ɗin wanda ya kasa biya. Ɓoye alawus a wani banki ba ya hana komai. In aka cire fiye da abin da aka yi yarjejeniya, a rubuta ƙorafi ga bankin, in ba a warware ba sai a kai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki.

Nura Samaru
To ai na ji an ce ba a taɓa albashin soja.

Barista Hauwa
Rabinsa gaskiya ne. Dokar sojoji ta ce jinginar da albashi ko fanshon soja ba ta da inganci, kuma ba a kwashe makami ko kayan aikinsa don biyan bashi. Kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ma ba a tare shi da umarnin kotu sai da yardar Antoni Janar. Amma da zarar albashi ya sauka a asusunsa na banki ya zama kuɗinsa kamar na kowa, kotu na iya umartar bankin ya biya mai bin bashi daga ciki. Filin Dakace ma haka.

Maman Khalifa
Ku kuna ta bashi, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan matar da aka miƙa wa takarda. Abba, sunan wa yayanka ya rubuta a fom ɗin makusanci, wato wanda za a kira in ya rasu? Akwai wata baiwar Allah da muka zauna layi ɗaya a bariki. Mijinta laskofur, ya shiga aiki yana saurayi ya rubuta sunan wansa. Ya yi aure, ya haifi namiji da mace, bai koma ya canza ba, auren ma ba a buga shi a fat tu oda ba, wato takardar runduna da ke shigar da aure da haihuwa cikin fayil ɗin soja. Da ya rasu a daji, wan aka kira. Shi ya sa hannu, asusunsa kuɗin suka shiga. Ya sayi mota ya sa a hanyar Kaduna, ya aiko mata da buhun shinkafa da turmi biyu na atamfa. Na ga ranar da ta fitar da kayanta daga ɗakin, katifa a kan amalanke, takardun haihuwar yaran a cikin ledar burodi ta riƙe a ƙirji, domin su kaɗai ne shaidarta. Ta yi ta zarya ofis-ofis, ko'ina amsa ɗaya: sunanki ba ya cikin fayil. Masu bin mijin bashi kuwa ita suka sani, ba wan ba. Yanzu awara take soyawa.

Hajiya Magajiya
Wallahi irin wannan ba ɗaya ba ne. Duk matar soja ta tabbatar da abu uku: an buga aurenta a fat tu oda, an buga haihuwar kowane yaro, an sabunta fom ɗin makusanci da hotonta da lambar wayarta. Da wannan ne ake sa ta cikin inshorar lafiya ta sojoji, DHML, da shi ake bin kuɗin inshorar rai da na NAWIS, wato inshorar walwalar sojojin ƙasa, da tallafin karatun marayu. Maza da yawa suna gudun canzawa kada uwa ko yaya ya ce mata ta mallake su.

Malam Tukur Tudun Wada
Wanda aka rubuta sunansa amana aka ba shi, ba gado ba. Abin da mamaci ya bari, a yi masa sutura, a biya bashi, a fitar da wasiyya in akwai, kada ta wuce sulusi. Sannan mata ta ɗauki ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, uwa da uba kowanne ɗaya bisa shida, saura na yaran. Matuƙar akwai ɗa namiji, wan mamaci ba shi da ko sisi. Matar nan ta kai shi kotun shari'ar Musulunci, motar ma a lissafa ta cikin gado.

Barista Hauwa
Haka ne Malam. Ƙari a kai, dokar sojoji ta sauƙaƙa wa soja wasiyya kan kuɗinsa da kayansa: ya rubuta, ya sa hannu a gaban shaida ɗaya, hafsa ko likitan gwamnati. Yana iya yi a inda yake.

Abba Muciya
Allah ya ji ƙan mamacin. Barista, na duba, kotun shari'ar Musulunci ce. Har yanzu dai ba a ce mini a sayar ko kada a sayar ba.

Malam Tukur Tudun Wada
To abin ya zo da sauƙi. A can ana karɓar wakili, kai ma kana iya tsayawa in ya wakilta ka a rubuce da shaidu biyu. Ka yarda da 550, ka musa 150. Ƙarin da aka ɗora saboda jinkiri riba ne, alƙali ba zai hukunta shi ba. Sai dai in mai kayan ya ce tun ranar ciniki aka yanke farashin bashi sama da na hannu, wannan halal ne, don haka ku nemo rasit ko littafin da aka rubuta kayan. Ka nemi a raba biyan wata-wata gwargwadon abin da albashi zai ɗauka. A mazhabar Malikiyya ana iya hukunci a kan wanda ba ya nan, amma hujjarsa tana nan in ya dawo. Filin kuwa ba ka da ikon sayarwa da wakilcin shari'a, wannan wakilci ne daban.

Ɗan Kwangila
Takardar wakilci dubu 5 ce a harabar kotu, minti talatin an gama.

Sani na Banki
Wannan takardar rantsuwa ce kake faɗa. Ta wakilci wurin lauya daga dubu 30 take farawa.

Barista Hauwa
Ta zuwa kotu daban, ta sayar da fili daban. Ta fili ba za ka samu a dubu 30 ba, domin sai an yi mata rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, kuma mallakar fili mai takardar gwamna ba ta komawa hannun wani sai da amincewar gwamna, tun dokar filaye ta 1978. Mai saye da ya san kuna da zama nan da mako biyu rabin kuɗi zai taya. In kuɗin lauya ne matsala, akwai ɗakin ba da shawarar shari'a na Tsangayar Shari'a ta ABU a harabarta ta Kongo da ke Zariya, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Baba Samanja
Duk wannan dogon turanci ne. A ɗauki dattijo ɗaya da limamin unguwa a je shagon bayan la'asar da dubu 100 a hannu, a yi takardar sulhu, shi da kansa zai janye ƙarar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma ɗan kasuwar ana binsa. Lauyoyi ba su san bariki ba.

Barista Hauwa
Baba, da girmanka, bariki ka sani, fayil ɗin kotu kuwa aikina ne. Sulhu yana da kyau, amma a kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin yarda. In an bar ta a aljihu ƙarar tana nan da ranta, ana iya zama ba ku sani ba.

Isa Jushi
Ku sojoji ma kun ji daɗi. Tun 2011 aka fitar da ku daga fanshon adashi, kuna da hukumarku a Dutse Alhaji, Abuja, tana biyan ku har mutuwa. 'Yan sanda kuwa aka bar su a ciki, masu ritayarsu a titin Abuja suka yi ta zanga-zanga a 2025.

Baba Samanja
Daɗin me? Ba ka ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a watan Disambar 2024 kan bashin haƙƙoƙinsu ba? Mutum ya yi shekara 35 yana ɗaukar bindiga, ya ƙare da zaman dirshan.

Isa Jushi
Ko ba komai ku ana biyan ku in kun zauna. Kawo takardar fanshon samanja mu ajiye kusa da ta sufeto mai ritaya, a nan kowa ya gani.

Hajiya Magajiya
Ku bar gardamar maza masu rai. Ita matar da Maman Khalifa ta faɗa, yaran sun shiga makaranta kuwa? In shekarunsu sun kai, ta zo da takardun haihuwarsu da shaidar rasuwar uban ranar Litinin, mu fara daga neman tallafin karatu ko da sunanta ba ya cikin fayil.