Afrol ɗin Nomex: me ke cinye shi tun lokacinsa bai yi ba?

Mai Walda, Jubail (Saudiyya): Assalamu alaikum. Afrol na kariyar wuta da ake rabawa, wasu shekara ba ta cika ba kafaɗa ta koɗe, in ka ja da yatsa sai ya yage. Masana, ina matsalar take?

Injiniya, Yanbu: Wa alaikumus salam, Malam. Duba takardar wuyan rigar: galibi kashi 93 meta-aramid ne (zaren jure wuta da ake kira Nomex), 5 Kevlar (zare mai ƙarfi, ɗan'uwansa), 2 zaren da ke hana cajin lantarki taruwa. Wajen yin zaren Nomex, sinadarai biyu ake haɗawa kai da kai su zama doguwar sarƙa, meta-fenilin-dayamin da aisoftaloyil kuloraid. Duk inda suka kama juna sai asid ɗin HCl ya fita, ƙullin da ake kira amaid ya saura tsakanin zobban benzin da ke jikin sinadaran. Zobban ne ke hana zaren narkewa. Sai zafi ya kai wajen digiri 370 yake fara komawa gawayi. Lagonsa kuwa ƙullin nan ne. Bilic mai kulorin yana tsinka shi, hasken rana ma haka. Shi ya sa kafaɗa da gadon baya ke riga ko'ina mutuwa.

Baba Mai Wanki, Rabig: Gaskiyarka, Injiniya. Wanda aka jiƙa a bilic, ido ba ya ganewa, sai an zo matsewa ɗinkin hammata ya buɗe. Mu ruwa ba ya wuce digiri 60, garin sabulu kawai, a juya shi ciki waje a shanya a inuwa. Ban da sitaci, ban da ruwan tausasa kaya: suna barin saura a kan zaren, shi kuma sauran yana cin wuta. Mai giris a ware shi daban, in bai fita ba a maimaita. Yadin ba zai kama wuta ba, amma man da ya sha zai kama.

Jami'in Kariya, Dammam: Ƙari kan na Baba: singiletin foliyesta da samari ke sawa a ciki saboda zafi, tana narkewa wajen digiri 255, ta manne a fata alhali afrol bai huje ba. Auduga zalla za a sa.

Mai Walda, Jubail: Safar hannu ta Kevlar fa?

Injiniya, Yanbu: Dangi ɗaya ne, sai dai ita sarƙarta miƙaƙƙiya ce sambal, ta Nomex mai lanƙwasa. Don haka ta fi jure yanka da ja. A masana'anta ma sai da tsantsar asid ɗin salfa ake narkar da ita kafin a ja zaren. Amma ita ma rana tana yi mata illa. Da rawayar ta fara duhu, kar a amince mata wajen ɗaukar farantin ƙarfe, kuma a daina ajiye ta gaban gilashin mota.