Tambaya kan dangin Arenaviridae: me ya haɗa Lassa da Junin, me ya raba su?

Ɗalibar Lab:
Assalamu alaikum malamai. Ana sa bairos ɗin Lassa da na Junin a dangi ɗaya, Arenaviridae, alhali ɗaya a Afirka ta Yamma yake, ɗayan a Ajantina. Da wane ma'auni aka haɗa su? Kuma wannan rabe-raben yana da tasiri a aikin gwaji, ko haddar jarrabawa ce kawai?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsarin kundin gadon ƙwayar ake dubawa. Waɗanda ke kama mutum duk suna cikin jinsin Mammarenavirus, kuma RNA ɗinsu, wato zaren da ke ɗauke da kundin gadon, gutsure biyu ne. Ƙaramin, S, yana da haruffan gado kusan 3,400, shi ke ɗauke da umarnin furotin NP mai lulluɓe RNA da GPC na jikin kwanson ƙwayar. Babban, L, kusan 7,200 ne, yana ɗauke da na furotin L mai yin kwafi da kuma Z mai harhaɗa sabuwar ƙwaya. A kowane gutsure, umarnin biyu suna fuskantar juna ne, ɗaya ana karanta shi daga wannan baki, ɗayan daga wancan, da ɗan lanƙwashe a tsakiya da ke tsayar da kwafi. Wannan tsari shi ne tambarin dangin.

Akwai wasu jinsunan: Reptarenavirus da Hartmanivirus na macizai, Antennavirus na kifi. Kwamitin ICTV, wanda ke da alhakin rarraba ƙwayoyin bairos, shi ke yanke wannan hukunci ta hanyar kwatanta jerin haruffan gado.

Malam Mai Bincike:
Bari in ɗora a kan bayanin Dakta, don amsar tambayarki ta biyu tana cikin Mammarenavirus ɗin kansa. Gida biyu ne. Na Tsohuwar Duniya ya ƙunshi Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, da bairos ɗin LCMV da ɓeran gida ya yaɗa a duniya, da Lujo na kudancin Afirka. Na Sabuwar Duniya ya ƙunshi Junin na Ajantina, Machupo na Bolibiya, Guanarito na Benezuwela da Sabia na Brazil.

In ban da Lujo da Sabia da ba a gano nasu ba, kowanne yana da ɓeran da ya riƙe, wanda ke ɗauke da shi ba tare da ya kwanta ciwo ba, yana zubar da shi a fitsari da kashi. Lassa na tare da Mastomys natalensis, ɓera mai nonuwa da yawa. Junin na tare da Calomys musculinus. Shi ya sa taswirar cutar take bin taswirar ɓeran.

Ƙofar shiga ƙwayar halittar mutum ma daban ce. Lassa yana kama furotin alpha-dystroglycan da ke jikin ƙwayar halittar, in ya shige ciki sai ya sauya ya kama wani furotin, LAMP1. Junin da Machupo kuwa suna bin ƙofar da sinadarin ƙarfe ke shiga, wato TfR1. Saboda furotin ɗin da ke jikin kwanson ya bambanta haka, garkuwar da aka samu a kan ɗaya ba ta kare mutum daga ɗayan. Rigakafin Candid#1 da Ajantina ke amfani da shi na Junin ne, ba ya hana Lassa. Haka ma ruwan jinin waɗanda suka warke: yana sauko da mace-macen Junin zuwa kusan kashi 1 cikin 100 in an bayar cikin kwana 8 na farko, amma ba a ga irin wannan nasarar a Lassa ba.

Ma'aikaciyar PCR:
A wurin gwajin PCR, wanda ke neman haruffan gadon ƙwaya a cikin samfuri, abin da ya fi cizo shi ne rabon da ke ƙasa da nau'i. Lassa kansa tsatso-tsatso ne: na I zuwa III a Najeriya, na IV a Gini, Laberiya da Saliyo, na V a Mali da Kwaddibuwa. Haruffan gadonsu sun yi nesa da juna sosai, har firama, wato ɗan guntun jerin da ke mannewa da gadon ƙwaya don a gano ta, in an tsara ta da jerin Saliyo tana iya kasa mannewa da tsatson Najeriya. Sakamako ya fito babu cuta, mara lafiya kuwa yana ɗauke da ita. Wannan kuskure yana da tsada, domin za a fitar da shi daga ɗakin keɓewa, ma'aikatan jinya su shiga haɗari.

Don haka gwajin ya nemi wuri biyu a kundin gadon ƙwayar, ɗaya a GPC, ɗaya a L, sannan a riƙa gwada firamomin da sababbin jerin da ake fitarwa. A ɗebi jini a kwalba mai sinadarin hana daskarewar jini na EDTA, ba na heparin ba, domin heparin yana kashe aikin PCR. A ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Celsius, a naɗe shi ninki uku kafin a aika. In an ɗeba a kwanakin farko na zazzaɓi ya fito babu, alamun kuma ba su lafa ba, a sake ɗiba bayan kwana 2 zuwa 3. Raya ƙwayar kuwa sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na 4.

Likitan Dabbobi:
A kula da Lujo musamman. A 2008 ya kama mutum 5 tsakanin Zambiya da Afirka ta Kudu, 4 suka rasu. Ana lissafa shi a gidan Tsohuwar Duniya, amma ya yi nesa da sauran, har ƙofarsa daban ce, neuropilin-2. Gwajin da aka tsara don Lassa kaɗai ba zai gan shi ba. In alamun zazzaɓi mai zubar da jini sun bayyana, Lassa ya fito babu, sai a koma ga firamomin da ke kama jinsin baki ɗaya, ko a karanta jerin haruffan samfurin kai tsaye.